Shatin Yatsu a Fuskar Ige

Jiya ina cikin ɗaki na ji ku a tsakar gida, ke Hajo da 'yan'uwanki, kuna cewa ai aikin Kaka ba wani abu ba ne, a daka ganye a kwaɓa da man kaɗe a shafa wa mutum, shi ke nan. Ban tanka muku ba, don haka abin yake ga mai kallo. Amma tunda kun ce kuna son ku karɓi aikin daga hannuna, ku jawo tabarmar nan cikin inuwa in gaya muku yadda na same shi, da abin da ya taɓa jawo mini.

Ban wuce shekara goma sha biyu ba anka kai ni Rabah wurin ƙanwar babana, Gwaggo Tumba. Nan Wurno ma lokacin ba ta cika haka ba, ana ta yanka filaye ana ba baƙi. Gwaggo ita ce mai maganin tabo a wannan yanki, kuma tabo iri ɗaya take taɓawa, wato baƙin da ke saura a fata bayan ciwo ya warke. Wanda wuta ta ƙona, wanda ƙuraje sunka bar wa ɗigo-ɗigo, da matan da goshinsu da kumatunsu ke yin duhu in suna da ciki. Ba ta taɓa ɗanyen miki, ba ta taɓa kyasbi. In an kawo mata irin wannan sai ta nuna musu hanyar gidan wanzami.

Aikina na farko tsinkar ganyen sabara. Da sassafe za ni bayan gari in tsinko toho kawai, ganye biyu na can sama masu laushi, in dawo kafin rana ta yi zafi. Ranar farko na cika kwando, na dawo ina jin na yi abin kai. Gwaggo ta zube shi a faifai, ta tsince abin da bai fi cikin tafi biyu ba, saura ta watsa wa awaki. Ta ce tsohon ganye ɗaci ne kawai gare shi, kuma wanda ya sha rana a kan hanya ya riga ya mutu. Ana shanya shi a cikin ɗaki, a kan tabarma, ba a bari ko ɗigon rana ya faɗa masa. Haka ganyen zogale. Gangamau kuwa, saiwar nan mai ruwan ɗorawa, daga kudu fatake ke kawo shi tare da man kaɗe, mu ba mu da shi.

Kayan aikinta ba su da yawa, ga su nan har yau a bayan randata. Ƙaramin dutsen niƙa da bai taɓa ganin barkono ba, kasko, maburgi, tsumman saƙi na tata, da 'yan tukwane masu marfi. Abu ɗaya ne ba ya zuwa kusa da aikin, shi ne ƙarfe. Na taɓa ɗaukar wuƙar girki na motsa ruwan sabara da ita don ban ga muciya kusa ba, kafin in juya ruwan ya koma kamar tawadar allo. Gwaggo ba ta doke ni ba. Ta dai sa na zubar, na koma bayan gari washegari na sake tun daga farko.

Yadda take gane haɗi ya yi kyau shi ne abin da na fi jimawa ina mamaki. Sai ta ɗauki ɗanyen gauta ta tsaga biyu da sillen kara, ta shafa ruwan maganin a ɓari ɗaya, ta bar ɗayan haka, ta ajiye su a gefe mu ci gaba da aiki. Kun san gauta in an tsaga shi ba ya jimawa yake yin duhu. To in ɓarin da anka shafa ya tsaya da haskensa alhali ɗan'uwansa ya dafe, maganin yana da rai. In duk biyun sun yi duhu tare, zubarwa za a yi, ko kwana nawa anka ɓata a kansa. Ta ce abin da ke hana gauta yin baƙi shi ne ke lallashin fatar mutum ta daina tara baƙi a wurin da ta ji ciwo. Ban sani ba ko wa ya koya mata, ita ma cewa ta yi ta tashi ta ga ana yi.

Akwai ranar da matar wani attajiri ta aiko anka ɗauke mu, ni ina riƙe da kwando. Ba ta da tabo ko ɗaya, fatarta sumul kamar an goge tulu. So take a shafe ta gaba ɗaya ta yi haske irin na wasu Fulanin da ta gani a wurin biki. Gwaggo ta kama hannunta ta juya, ta nuna mata cikin damtsenta inda rana ba ta kaiwa. Ta ce, "Wanga shi na naki da Allah Ya ba ki. Iyakar inda magani na ka kai mutum ke nan. Abin da yaw wuce nan ba ni da shi." Matar ta ɓata rai, mu kuma munka kama hanyar gida da kwandonmu a cike.

Shekara bakwai na yi a hannunta kafin a yi mini aure a nan Wurno. Kakanku, Allah Ya jiƙan shi, majemi ne, kuma a wurinsa na sami rabin aikin da Gwaggo ba ta da shi. Ita yadda take yi, ta niƙa gari ta cuɗa da man kaɗe mai kauri ta laɓta a tabo. Yana aiki, amma a hankali ƙwarai, kuma rabinsa a zane yake ƙarewa. Wata rana kakanku ya ga ina laɓta wa wata mata a wuya, da ta tafi ya ce mini shi da haka yake wa fatar akuya da ba wanda zai saye ta. Ya ce busasshiyar fata ba ta shan mai, sai dai ya zauna a samanta ya tara ƙura. Sai an jiƙa ta, ta yi laushi, tana da sauran danshi, sannan a ba ta mai kaɗan a murza, a jira, a ƙara.

Na ɗauki maganar na yi ta gwadawa har kusan shekara. Abin da na dace da shi a ƙarshe shi ne wanda kuke gani ina yi. A narkar da man kaɗe a kan garwashin da ya kusa mutuwa, a sassauta shi da ɗan man riɗi, a zuba garin gangamau ya jiƙa a ciki ya ba da launinsa a tace. Ruwan sabara da zogale da ɗan tsamiya kuwa daban ake jiƙa su. Sannan a zauna da maburgi ana ɗiga ruwan cikin man ana burgawa, ɗigo bayan ɗigo, har su kama juna su koma kamar kindirmo. In kin yi gaggawa kin tuttula, za su rabu, ruwa ƙasa mai sama, kuma ba mai sake haɗa su. Irin wannan haɗin in an shafa a fatar da anka gasa da tsumma mai ɗumi, nan take yake shigewa. Sai dai ba ya daɗewa. Na kwana bakwai nake yi, a rufe a binne tukunyar cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Mai tabo kuma sai ta yi wata uku ko huɗu tana shafawa kafin ta ga abin da za ta nuna wa wani. Da yawa a wata na farko suke gajiya su ce ni Kulu ban iya ba.

Haka na yi shekaru, har anka san ni daga Achida zuwa Goronyo. Sai shekarar agana ta zo.

Ba zan tsaya muku a kan waɗanda anka binne ba, kowane gida a unguwar nan ya fitar da gawa. Da ciwon ya lafa, waɗanda sunka tashi sunka tashi da fuska duk rami da baƙi. Ramin ba ni da maganinsa, kuma ina gaya wa kowa haka tun a bakin ƙofa. Baƙin ne nawa. Mata sunka cika gidan nan har zaure. Ga shi fatake sun ƙaurace wa hanyarmu don tsoron ciwon, babu gangamau, man kaɗe kuma sai ɗan abin da na rage. Na rasa abin da zan ba mutane.

A lambun wani maƙwabcinmu akwai itacen lemun tsami. Na tsinko na matsa a kan gauta, kamar yadda anka koya mini. Ban taɓa ganin abin da ya riƙe hasken gauta irinsa ba, tun hantsi har la'asar yana nan fari. Na yi hamdala, na ce Allah Ya kawo mafita. Na fara matsa shi da ɓawonsa cikin ruwan sabara ina ba mata su shafa da safe, tunda ba man da zai isa kowa. Matan cikin gari, waɗanda ba su fita, sunka yi ta dawowa suna godiya. Ya ɗan yi musu zafi, amma tabon yana sassautawa.

Cikin waɗanda na ba akwai Ige, matar wani manomin albasa daga Goronyo, Mamman. Yarinya ce mai ɗiya biyu, agana ta ɗauke mata guda ta bar mata guda. Ta zo gaisuwar mutuwa wurin danginta a nan, anka rako ta wurina. Na cika mata 'yar tukunya, na nuna mata yadda za ta shafa, ta koma gida. Ban tambaye ta komai game da zamanta ba.

Bayan kamar wata guda Mamman ya zo a kan jaki ya yi sallama da kakanku a zaure. Mutum ne mai sanyin magana. Sun jima suna gaisawa kafin kakanku ya leƙo ya ce in sa mayafi in zo. Mamman ya ce ba ƙara ya kawo ba, taimako yake nema. Ya ce fuskar matarsa ta tashi ta yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, da ya fashe ya bushe sai ya bar baƙi ƙirin a kumatunta duka biyu, kuma baƙin yana da shatin yatsu huɗu, tun daga gefen hanci har kunne. Mutanen unguwarsu sun ce aljanin fadama ne ya mare ta. Ige tana dafa dambu tana kai wa masu aikin lambu, yanzu ba mai saye. Mata sun daina barin ɗiyansu su shiga gidan. A rijiya in ta aje guga sai a jira ta tafi. Ko shi bai kawo maganina a ransa ba, ya zo ne don an ce ina iya tabo.

Tun yana magana na san yatsun ko na waye. Ni na nuna mata ta tsoma yatsu huɗu ta ja daga hanci zuwa kunne. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya ƙona ta bai ƙona matan Wurno ba.

Da Mamman ya fita shan ruwa kakanku ya ce mini in na yi shiru ba wanda zai taɓa sani, in kuma na yi magana in san cewa sana'ar ce zan aje. Ya ce shi ba zai zaɓa mini ba, amma in zan tafi ya ba ni izini. Na ɗaure sauran man kaɗen da nake da shi, na hau jakin Mamman shi yana ja, munka bi gefen gulbi. Sai bayan la'asar munka isa.

Na iske Ige a ƙuryar ɗaki ta rufe fuska da zane. Da ta buɗe na ga aikina. Na tambaye ta yadda take wuni, abin da ya kamata in tambaya tun farko. Ta ce da ta idar da sallar asuba take shafa maganin, ta ɗora dambu, ta ɗauka zuwa fadama, daga nan ta tsaya ta taya mijinta ban ruwan albasa da ƙwarya har rana ta take. Kullum haka.

Washegari na sa Mamman ya nemo mini lemun tsami. Na matsa, na tsoma yatsu huɗu na ja a damtsena na dama, na sake ja a na hagu. Na hagun na naɗe shi da tsumma, na daman na bar shi a buɗe, na bi su fadama na zauna a kan kunyar lambu cikin rana har azahar. Ranar ba abin da ya faru sai ɗan ƙaiƙayi. Kwana na biyu na dama ya yi ja. Kwana na uku ya tashi ya yi ruwa, layi huɗu reras. Na kwance na hagu, lafiya lau.

A ranar ana suna a gidan maƙwabtansu, matan unguwa duk suna can. Na ce wa Ige ta tashi mu je. Ta ƙi, sai da na kama hannunta. Da munka shiga tsakar gida hira ta ɗauke, wata ma ta janye ɗanta ta ɗora a cinya. Na gaida tsofaffi, na faɗi sunana da garinmu, da yawa sun san ni da ji. Sannan na yaye mayafi na nuna musu damtsena. Na ce, "Ku duba da kyau. Ni aljani bai mare ni ba. Lemu na, da rana. Ni nib ba Ige shi cikin magani, ban san haka yake yi ba. Yatsun da ke fuskarta nata na, ni nin nuna mata ta ja su haka."

Wata tsohuwa da suke kira Inna Ladi ta taso ta kama hannuna ta kai kusa da idonta, ta dubi fuskar Ige, ta sake duban hannuna. Ta tambaye ni mi ya sa na ba mutum abin da ban sani ba. Na ce na gwada shi a kan gauta. Ta ce, "To ita gauta ta?" Sai ta juya ta matsa gefe a kan tabarmarta ta ce wa Ige ta zo ta zauna, ta tura mata ƙwaryar fura. Ige ta sha, ta miƙa, Inna Ladi ta karɓa ta kafa baki a daidai inda ta sha.

Na zauna a Goronyo har na ga wata biyu. Na jira fatar ta huce sarai kafin in sa mata komai, zuma kawai nake shafa mata da farko. Daga baya na koma haɗin da na sani, sabara da zogale a cikin ɗan man da na zo da shi, ina yin na kwana uku uku don kada ya ƙare. Sai rana ta yi sanyi nake gasa mata fuska in murza a hankali. Na roƙi Mamman ya ɗauke mata ban ruwa na wannan rani, ya kuma saya mata malafa mai faɗi irin ta makiyaya. Mata sunka yi ta yi mata dariya da malafar, amma dariya ce ta wasa, kuma dambunta ya koma ƙarewa kafin hantsi. Da zan taho na koya mata burga haɗin da kanta, don ba zan iya aiko mata duk mako ba. Ya ɗauki fiye da shekara kafin shatin ya dushe. Na kumatun dama ya tafi duka, na hagu ya bar ɗan duhu kusa da kunne da bai taɓa barinta ba.

Labari ya riga ni isowa Wurno. Zauren da ke cika ya koma wayam. Har matan da lemun ya yi wa amfani sunka zubar da nasu, kuma ban ga laifinsu ba. Shekara biyu ina taya kakanku dakan bagaruwa don jima, ina saƙa faifai, dutsen niƙan yana jingine. Waɗanda sunka fara dawowa matan fadama ne, masu wuni a rana, daga wajen Goronyo da Dinawa. Su sun ce gara wadda ta san abin da ke ƙonawa. Daga lokacin ba na buɗe tukunya sai na ji inda mace ke wuni, mi take yi da safe, ko tana tsayuwa a kan murhu, ko tana da ciki. Wata har ta gaji ta ce ita magani ta zo nema ba shari'a ba.

Ige ban sake ganinta ba sai bayan shekaru masu yawa, kakanku ma ya rasu. Ta zo da ɗiyarta, wadda agana ta bar mata, ta zama mace har da goyo. Man gyaɗa ne ya fallatsar mata a wuya da haɓa wurin suya, ya warke ya bar baƙi. Munka gaisa, na yi mata gaisuwar Mamman, ashe shi ma ya riga mu gidan gaskiya. Na duba yarinyar, na yi tambayoyina, na shiga na haɗa sabon magani, har da gangamau mai kyau da na samu a lokacin. Na fito da shi na durƙusa zan fara.

Ige ta sa hannu ta rufe wuyan ɗiyarta. Ta ce, "Inna, ba don raini ba. Ki fara sa shi ga hannunki."

Na ce ta yi daidai. Na shafa a damtse, na fita na zauna can inda kuke shanya gero, cikin rana, ita kuma ta jawo turmi ta kife a inuwar bango ta zauna tana tsince mini zogale muna hira. Kwana uku sunka yi a gidan nan. Ran na huɗu ta kama hannuna ta juya shi gaba da baya, ta shafa da babban yatsa, sannan ta kira ɗiyarta ta ce ta zo ta zauna.